Bidi a Kan Jiƙaƙƙiyar Ciyawa

Na hau dawaki da yawa a rayuwata, wasu sun kayar da ni, na kuma ci sukuwa a garuruwan da yanzu ko sunansu sai na yi dogon tunani. Amma akwai sukuwa ɗaya da ko tsufa ya kwashe mini komai daga kai, ita dai tana nan daram har ranar da za a kai ni makwancina. An yi ta ne a bakin fadamar ƙauyenmu, tsakanin Dingyadi da Bodinga, a daminar ƙarshe ta mulkin farar hula, kafin soja su dawo.

Wanda bai ga wancan lokacin ba zai ɗauka ƙarin gishiri nake yi. Kullum rediyo maganar tsuke bakin aljihu take, mutanen birni suna layin shinkafa da sabulu. Mu na ƙauye ba layi ne ya dame mu ba, rumbu ne. Kakar da ta wuce ba ta yi albarka ba, ga damina ta zo da gardama, a yi ɗan yayyafi a ɗauke har sai gero ya fara nannaɗe ganye. Kafin tsakiyar damina, in ka leƙa rumbun gidanmu ƙasansa za ka gani. Innata ta koma dafa tafasa da rama, a barbaɗa ɗan gari a kai don dai a ce an ci hatsi. Matata kuwa tana goyon ɗanmu na fari, kullum ina kallon ƙashin wuyanta yana ƙara fitowa, ita kuma ba ta taɓa buɗe baki ta ce mini komai ba. Wannan shirun nata ya fi mita ciwo.

To a cikin wannan hali muke da doki a turke. Bidi muke ce masa, saboda launin jikinsa. A gidanmu aka haife shi, ni na fara sa masa ragama, ni na fara hawansa, ni nake yankar masa ciyawa tun ina saurayi har na yi iyali. Ba yabon kai ba, a busasshiyar ƙasa babu dokin da ya taɓa nuna masa wutsiya daga Bodinga har Shagari. Wanda ke shakka ya je Kajiji ya tambayi tsofaffinsu, ai su suka fi kowa shan ƙurarsa.

Aibinsa ɗaya ne, kuma duk yankin an san shi da shi. Bidi ba ya taka kwantaccen ruwa. In ya ga ɗan ruwa ya taru a hanya, ko bai fi faɗin tabarma ba, sai ya tsaya cak, ya yi huci, ya zagaye shi da yanga kamar amarya da sabon takalmi. Mutane suka sa masa suna ɗan gayu, suka kuma yanke hukunci cewa dokin rani ne, da ƙasa ta jiƙe shi ke nan an gama da shi. Ni ban taɓa gyara musu ba. Na san ruwan da yake ganin inuwarsa a ciki ne kawai yake tsoro. Jiƙaƙƙiyar ciyawa kuwa, sau nawa na sake shi a kanta da sanyin safiya in na je yankan ciyawa, ya yi gudun da sai da idona ya yi ƙwalla.

Sai dai doki ba akuya ba ne da za a sake shi ya yi kiwon kansa. Yana son dawa, yana son dusa da kanwa, ga shi gidan da yake ciki mutane ma ba su ƙoshi ba. Mahaifina ya taɓa sa a yi cigiyar mai saye, amma wa zai sayi bakin ci a shekarar yunwa? Abin da dillalai suka taya, zagi ya fi shi daɗin ji. Ni kuwa a raina har hamdala na yi.

Ana nan sai ga labari daga wani Alhaji ɗan kwangila, haifaffen yankinmu da ke zaune a Sakkwato. Shekarar zaɓe ce, yana son ya kai wa wani babban mutum kyautar doki, kuma ba kowane irin doki ba. Ya aiko cewa duk dokin da ya ci sukuwar da muke yi kashegarin Sallah shi zai saya, in mai shi yana so ma da hatsi zai biya, don yana da sito cike. A shekarar Sallah ta faɗo tsakiyar damina.

Mahaifina ya kira ni zaure bayan la'asar. Shi mutum ne da ba ya zagaye-zagaye, tsohon mahayi ne da ya bar hawa saboda ciwon ƙugu.

Ya ce, "Ka jiya abin da Alhaji yac ce?"

Na ce, "Na jiya, Baba."

"To Bidi za shi shiga. In ya ci, a tahi da shi."

Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, da an sai da tumaki tukuna."

Ya dube ni ya ce, "Waɗanne tumaki? Waɗanda munka cinye tun bara?"

Ka ga irin tarkon da na shiga. Duk rayuwata ina hawa ne don in ci, yau kuma in na ci na rasa dokina, in na faɗi dokina ya zauna, gidanmu ya ci gaba da cin ganye.

Ranar sukuwa, tun da asuba hadari ya haɗu ta gabas, aka tsuge da ruwan da ba a ga irinsa ba duk daminar. Bai ɗauke ba sai da hantsi ya dubi ludayi, ko in ce lokacin da ya kamata ya duba, don rana ba ta fito ba. Gari ya ɗauki murna, tsofaffi suna ɗaga hannu, yara suna tsalle a kwata. Ni murnata biyu ce, kuma ta biyun ba mai faɗuwa ba ce. Ina fita ƙofar gida abokai suka fara yi mini jaje da dariya. Wani ya ce, "Yau ɗan gayu sai a sawo mashi takalmin roba." Wani ya ce, "Ka bar shi gida shi sha inuwa, wagga rana ba tashi ta ba." Ina ta gyaɗa kai da fuskar tausayi, a ciki kuwa kamar an sauke mini dutse. Allah da kansa ya aiko mini da uzuri, kowa kuma ya gani da idonsa.

Kafin azahar mahaifina ya ce in zo mu duba fili. Muka tuɓe takalma muka shiga. Filin sukuwarmu makiyaya ce a bakin fadama, a tashi daga gefen gari, a miƙe har wata giginya, a zagaye ta a dawo. Da rani ƙasar tauri gare ta kamar daɓe, doki ya buga kofato ta mayar masa da ƙarfinsa. Ranar kuwa in ka hango ta daga nesa sai ka ce an shimfiɗa koren bargo, ba ka sanin abin da ke ƙasa sai ka taka. Tsakiyar filin, inda ciyawa ta fi tsawo da kyau, laka ce. Ƙafata ta nutse har idon sawu, da na zaro ta sai da ta yi ƙara. Doki a irin wannan wuri kowane taku aiki biyu yake yi, ya shiga ya kuma fito, shi ya sa wanda ya tashi da ƙarfi yake dawowa da tafiyar jaki. Ga taɓon da na gaba ke watsa wa na baya a ido da hanci. Amma can gefen sama, inda fadama ta haɗu da jigawa, akwai wani siririn wuri da ciyawar kirikiri ta kama, gajeriya ce, saiwarta ta saƙe ƙasa, ƙarƙashinta kuma rairayi ne da ke shanye ruwa. Nan ƙafa ba ta nutsewa. Hanyar ta fi tsawo, musamman wajen zagaye giginya, amma ƙasa ce mai riƙe kofato.

Mahaifina ya yi ta takawa da dunduniya har muka kai ƙarshe. Sannan ya tsaya, bai ma kalle ni ba, ya ce, "Kowa ya ga ruwanga. In ka zaka na baya, babu mai ganin laihinka, ko Alhaji. Cewa za a yi ƙasa ta."



Ya ƙara da cewa, "Amma ni na hau doki tun ba a haihe ka ba. Daga zamanka bisa bayan doki ni ka gane abin da hannunka ka yi. Kuma na sha hango ku da sahe cikin raɓa, kai da Bidi." Ya juya ya nufi gida, yana ɗingishinsa.

Kunya ta kama ni kamar an tuɓe ni a kasuwa. Ban yi komai ba tukuna, amma ya riga ya karanta abin da ni kaina ban yarda na faɗa wa kaina ba.

Abin da har yau yake ba ni mamaki shi ne, zuciyata ba ta yanke shawara ba, amma hannuwana sun ci gaba da aikinsu. Na ajiye sirdi gaba ɗaya, don nauyi ne, kuma majayin fata in ya sha ruwa saki yake yi. Na ninka gwado na ɗora, na ɗaure shi da saƙi. Na cire igiyar linzami ta fata, mai santsi in ta jiƙe, na sa ta rama. Na naɗe wutsiyar Bidi na ɗaure don kada ta kwashi taɓo ta yi masa nauyi. Innata tana bakin murhu tana kallona, ta ce, "Allah shi ba da sa'a," sai kuma ta yi saurin kawar da kai, don ita ma ta san sa'ar nan baki biyu gare ta.

Bayan la'asar fili ya cika. Mutanen Horo Birni sun zo, na Kajiji sun zo da makaɗansu, Alhaji yana zaune a kujera an riƙe masa laima ko da yake ruwan ya daɗe da ɗaukewa. Dokin da kowa ya sa wa ido ranar wani Akawal ne na Kajiji, baƙi wuluk, dogo, mai faɗin ƙirji, an ɗora masa sirdi mai ado. Mahayinsa tsohon abokin karawata ne, na sha ba shi ƙura. Da muka jeru ya dubi gwadona ya yi dariya ya ce, "Yau kai da kanka ka san ba ka da rabo, shi ya sa ko sirdi ba ka wahal da kanka ba." Na ce masa, "Ka dai riƙe naka da kyau."

Dattijon da ke tayar da mu ya saki ƙyalle, dawaki suka zabura. Duk suka yi tsakiya, inda ya fi kusa kuma ya fi kyan gani, taɓo ya tashi sama kamar ana watsa shi da shebur. Ni na karkata gefen sama, na riƙe Bidi, na bar su suka tafi. Ina jin ihun mutane, wani yana cewa, "Ga ɗan gayu can shina gudun laka!" Bidi yana ta fizgar igiya, bai saba ganin wutsiyar kowa ba, ni kuma ina ce masa a hankali, a hankali. Ƙarƙashinmu ƙasa tana amsawa, ina jin takunsa yana fita tsaf.

Kafin a kai giginya na ga abin da na sani zai faru ya fara faruwa. Wuyan dawakin tsakiya ya fara tsawo, gudunsu ya koma tsalle-tsalle. Wajen zagayawa aka yi ta zamiya, wani doki ya zauna da gindi, wani mahayi kuma sirdinsa ya juya da shi har ƙarƙashin ciki, ya tashi ba a gane gabansa da bayansa don taɓo. Ni na yi zagaye mai faɗi, ban taɓa laka ba. Da muka juyo gida, tsakiyar filin ta riga ta zama kamar wurin kwaɓin ginin ɗaki, su kuma dole ta nan za su koma. Na wuce su ɗaya bayan ɗaya ba tare da na taɓa Bidi da dunduniya ba. Saura Akawal kaɗai a gabana, shi ma ina jin numfashinsa daga inda nake, mahayinsa yana ta zuba masa bulala.

A nan ne abin ya zo. Gabanmu kaɗan akwai inda hanyar shanu ta ratsa filin, ruwa ya kwanta a wurin, fari fat, yana ɗaukar ido. Ta sama da shi akwai busasshen wuri da bai fi doki ɗaya ya wuce ba. In na bi ta nan, na ci. In kuwa na ɗan ja igiyar hagu, ja ɗaya da ɗan yatsa, Bidi zai fuskanci ruwan, zai tsaya cak kamar yadda ya saba, duk filin a kwashe da dariya a ce ai dama an faɗa. In kwana da dokina a turke, babu mai zargina.

Ba zan yi muku ƙarya ba, na so in ja. Yatsana har ya motsa. Mutane suna son a ce musu a irin wannan lokaci wani babban tunani ne ya zo, amma a kan doki mai gudu babu lokacin tunani. Abin da na sani shi ne na hango mahaifina tsaye shi kaɗai a kan wani tudu, nesa da taro, hannunsa a baya, ba ya ihu ba ya ɗaga hannu. Na kuma ji dokin da ke ƙarƙashina yana roƙon a sake shi da dukan jikinsa. Dokin da bai taɓa yi mini ha'inci ba, ni ne zan kai shi gaban ruwa in mayar da shi abin dariya don in riƙe shi? Na kwanta a wuyansa, na saki igiya, na kira sunansa da ƙarfi.

Wallahi ban taɓa hawan gudu irin wannan ba, kafin ranar ko bayanta. Muka bi ta siririn wurin nan kamar an harba mu, muka wuce Akawal yana ta fama da laka. Da muka kai ƙarshe na waiwaya, tazarar da ke tsakaninmu ta isa a yi wata sukuwar a ciki.

Fili ya kaure. Waɗanda suka yi mini jaje da safe su ne suka fara ɗaga ni sama, makaɗan Kajiji ma suka juya ganga suna yi wa Bidi kirari. Mahayin Akawal ya zo, taɓo har gira, ya kama hannuna ya ce, "Ashe dut shekarun ga ɓoye muna shi ka kai." Alhaji ya taso da kansa yana dariya, ya shafa wuyan Bidi ya ce, "Wanga shi na dokin da ni ka nema." Ina ta murmushi ina amsa gaisuwa, idona kuwa yana kan Bidi.

Alhaji bai saɓa alkawari ba, wannan zan faɗa masa har gobe. Kafin magariba mota ta tsaya a ƙofar gidanmu aka sauke buhunan gero da dawa, maƙwabta suna leƙe. Motar da ta kawo hatsin ita za ta koma da doki. Aka jingina katako, yaran Alhaji suka ja Bidi, ya ƙi. Suka tura, ya ƙi. Ɗaya ya ɗaga bulala, na daka masa tsawar da ni kaina ban san ina da ita ba. Na karɓi ragamar, na hau katakon na yi gaba, ban ko ja ba. Bidi ya biyo ni, don bai taɓa ganin na kai shi inda zai cutu ba. Na ɗaure shi, na kwance masa wutsiya, na sauko ta gefe. Da motar ta tashi ya yi haniniya, ni kuma na shige gida ban waiwaya ba. Mahaifina duk wannan bai fito ba, yana ɗakinsa.

Ranar aka tuƙa tuwo na gaske a gidanmu. Na zauna ina kallon matata tana ci, tana ci, ba ta ɗago kai ba sai da ta share kwano. Ni ma na ci, kuma ya yi mini daɗi, ina ci hawaye yana zuba a ciki. Na daɗe ina jin haushin mahaifina a ɓoye. Gani nake shi bai rasa komai ba, umarni kawai ya bayar, ni na yi asara.

Hatsin nan shi ya kai mu kaka, har muka taimaki gidan kawuna. Da rani ya shigo fadama ta bushe, muka fita gyaran wurin albasa, ni da mahaifina. Gonarmu ta ɗan shiga gefen filin sukuwa, daidai inda wani harshen laka ya ratsa hanyar da na bi. Ina cikin sara sai na ga ya tsaya yana kallon ƙasa. Na matso. Sawun Bidi ne, a jere, ya bushe a cikin laka kamar an gina shi, gaban kofaton ya nutse sosai saboda ƙarfin gudu. Babu wani doki da ya bi ta nan ranar sai shi.

Na ɗaga fartanya, mahaifina ya riƙe mini hannu. Ya durƙusa da ƙugun nan nasa mai ciwo, ya sa tafinsa a cikin sawu ɗaya, ya daɗe a haka. Da ya yi magana muryarsa ba irin wadda na sani ba ce.

Ya ce, "Koma can ka hwara. Nan ba a shuka komi bana."

A shekarar da kowa ke neman inda zai ƙara ko taki ɗaya na shuka, mutumin nan ya bar wurin nan fili har ruwan wata damina ya zo ya shafe shi. Daga ranar ban sake jin haushinsa ba.

Abin da na koya shi ne, uzurin da ya fi haɗari shi ne na gaskiya, wanda kowa ya gani da idonsa kuma kowa zai karɓa. Ruwa ya sauka ranar, ƙasa ta jiƙe, babu ƙarya a ciki, amma ba ita za ta kayar da ni ba, ni ne zan kayar da kaina in laƙa mata. Tun daga lokacin, duk sanda na ji bakina yana shirin cewa yanayi ne ya hana ni, sai in tsaya in duba hannuna tukuna. Na kuma gane cewa wanda ya sa ka yin abu mai ciwo ba lallai ne shi ba ya jin ciwon ba. Wani ya fi ka ji, yana dai daurewa ne don gida ya ci abinci.